Ƙidaya da Kare Kifayen Asali a Tafkin Tiga da Saman Kogin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi halin da kifayen asali suke ciki a ruwayen kudancin Jihar Kano, wato Tafkin Tiga, da sashen Kogin Kano da ya ratso Dajin Falgore, da ƙananan ruwayen ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa. Hujjar da ta tsaya a kai ita ce, ba za a iya kare kifin da ba a ƙidaya shi a kai a kai ba, kuma ƙidayar ba za ta ɗore ba sai tana hannun masunta da sarakunan ruwa. Maƙalar ta kawo tsarin ƙidaya mai sauƙin kuɗi, ta kuma nuna cewa tsare wuraren hayayyafa ya fi zuba 'ya'yan kifin gona amfani.

Gabatarwa



Duk wanda ya ci shinkafar Kura ko tumatirin Kadawa, ko ya sha ruwan famfo a birnin Kano, ya ci moriyar Dam ɗin Tiga. Gwamnatin Audu Bako ce ta gina shi a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, a shekarun da fari ya gallabi ƙasashen Sahel. Tafkin da ya taru a bayansa ya kai faɗin murabba'in kilomita 178, kuma an tsara shi ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Noman rani da ruwan sha aka yi shi dominsu. Kifi ya zo ne kamar gyaran da mai awo ke ɗorawa a kan mudu, ana murna da shi amma ba a sa shi a lissafi.

Har yau haka abin yake. Injiniyan da ke kula da dam ɗin zai iya gaya maka tsayin ruwa na wannan mako, da na irin wannan mako a bara. Amma idan ka tambayi ko karfasar da masunci ɗaya ke kamawa a kwana guda ta ƙaru ko ta ragu a cikin shekaru goma, amsar da za ka samu ta baki ce. Ba wai ba a yi bincike ba. Malamai da ɗaliban jami'o'inmu da masu bincike daga cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta New Bussa sun yi aiki mai kyau a Tiga. Sai dai aiki ne na lokaci-lokaci, kowa da irin komarsa da tasharsa da watanninsa, ta yadda da wuya a jera sakamakon wani kusa da na wani a ce ga inda aka dosa. Wannan giɓi shi ne abin da ya dame ni, shi ne kuma dalilin wannan takarda.

Ruwan da kifin da ke cikinsa

Kogin Kano yana tasowa ne daga tuddan kudu, wajen duwatsun da suka haɗa ƙasar Doguwa da gindin tsaunukan Jos, inda damina ta fi ta sauran jihar tsawo da yawan ruwa. Ya ratsa Dajin Falgore, wanda a da ake kira Dajin Kogin Kano, mai faɗin kimanin hekta 92,000, sannan ya zuba a Tiga. Daga nan ya gangara ya haɗu da Challawa, su zama Kogin Haɗeja, su bi ta Wudil zuwa fadamun Haɗeja da Nguru, har Tafkin Chadi ta Komadugu Yobe. A Bebeji akwai kuma Tafkin Bagauda, wanda dam ɗinsa ya ɓalle a watan Agustan 1988. Ƙiru da Tudun Wada suna da rafuka da ƙananan tafkuna da kududdufai da yawansu ke ƙafewa da rani.

Kifayen da mutanenmu suka sani a waɗannan ruwaye sun haɗa da karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa da ƙurungu da kawara da miligi, ga gaiwa a wuraren da ruwa ke ƙafewa. Da na ce kifin asali, ina nufin irin waɗannan, da suka rayu a wannan kwari tun kafin a aza harsashin dam, jikinsu ya saba da zuwan ruwa da tafiyarsa.

Gina dam yana raba kifaye gida biyu. Akwai waɗanda ruwa mai tsayuwa ya yi wa daɗi, kamar karfasa, sai su yawaita. Akwai kuma waɗanda ba sa ƙwai sai sun ji sabon ruwa ya taso sun bi shi sama, ko sun fantsama cikin ciyawar da ambaliya ta rufe. Su ne dam ke cutarwa, domin bango ya tare hanya, ambaliyar ƙasa kuma ta koma hannun mai buɗe ƙofa. Masuntan Haɗeja da Nguru sun ga wannan da idonsu bayan Tiga da dam ɗin Challawa na Ƙaraye, wanda aka kammala a 1992: ambaliyar damina ta ragu, ruwan rani ya daina yankewa, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Ga kifin da ya rage a bayan bangon Tiga kuwa, hanya ɗaya ta rage masa, ita ce ta sama, zuwa bakin kogi da rafukan da ke zubowa daga Tudun Wada da Doguwa. Saboda haka makomar kifin da ake saukewa a Bebeji tana ɗaure da abin da ke faruwa a Falgore.

Akwai wani abu da ya kamata mu riƙa tunawa idan dattawa na ba da labarin kifin farkon Tiga. Sabon tafki yakan cika da kifi a shekarunsa na farko, saboda ciyayi da bishiyoyin da ruwa ya shanye suna ruɓewa su zama taki. Daga baya sai kamun ya sauka ya daidaita. An ga haka a Tafkin Kainji, an gani a Tafkin Volta na Ghana. Ke nan wani ɓangare na raguwar da ake kuka da ita ɗabi'ar tafki ce. Wani ɓangaren kuwa aikin hannunmu ne, kuma ba mai iya raba wannan da wancan sai da rubutacciyar ƙidaya.

Abin da ke cin kifin

Kowa ya san maganar ƙaramin ido. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, mai lamba 108 ta 1992, ta hana amfani da komar da idonta ya gaza milimita 76, wato inci 3, in ban da wasu kayan su da ta keɓe. Ta haramta guba da nakiya da wutar lantarki. Amma a bakin ruwa ana auna ido da yatsu, kuma kalli mai yatsa biyu ba baƙo ba ne. Taru da ake ja zuwa gaɓa yana share komai, gidan sauro kuma, wanda aka raba domin zazzaɓi, yakan koma ruwa ya tace 'ya'yan kifin da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Gura idan aka jera ta ta tare bakin rafi a lokacin da kifi ke hawa, a dare ɗaya sai ta kwashe iyayen da za su cika tafki baɗi. Guba ma tana nan. A da magimfa ce, daga baya aka koma Gamalin da maganin ƙwarin gona, waɗanda ke kashe babba da ƙarami su kuma bi kifin har tukunya. Sinadarin da ke cikin Gamalin an sa shi cikin jerin haramtattun sinadarai na Yarjejeniyar Stockholm tun 2009.

Ba na kawo wannan don in ɗora wa masunta laifi. Mutumin da ya kwana a kwale-kwale ya fito da abin da bai cika ƙaramin daro ba, idan ya rage idon komarsa, yunwa ce ta sa shi. Sai dai rage idon yana ƙara rage kifin, gobe kuma ya sake ragewa.

Ina so in tsaya a kan karfasa, domin ita ce ƙashin bayan kamun Tiga, kuma rayuwarta tana nuna abin da ba a cika magana a kai ba. Namiji yana share gurbi a cikin yashi ko laka a ruwa marar zurfi, ya yi shi zagaye kamar ƙaramin kwano. Mace ta zo ta zuba ƙwai, namiji ya barbare su, sai ta kwashe su cikin bakinta. A nan suke ƙyanƙyashewa, a nan kuma 'ya'yan ke fakewa na wasu kwanaki, ita kuwa ba ta cin abinci sosai a wannan lokaci. Wanda ya taɓa tsayawa kan masunci yana zare kalli ya ga abin da nake nufi: a ciro karfasa a jefa a ƙasan jirgi, ta buɗe baki, ƙwai rawaya ko 'yan mitsi-mitsin 'ya'ya su zubo cikin ruwan da ya taru tsakanin katako. An sayar da kifi ɗaya, an zubar da ɗaruruwa.

Yanzu a haɗa wannan da tsarin sakin ruwa. Da rani ake buɗe wa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure ruwa, tafkin yana ja da baya har zuwa bazara. A bazarar ne kuma ruwa ke ɗumi karfasa ta tsananta yin gurbi. Idan ruwa ya sauka da sauri, gurbi ya koma tudu. Ƙasar da ruwan ya bari manoma ne ke binta da shuka, da taki da feshi, kuma ita ce dai ruwan damina zai sake rufewa ta zama wurin renon 'ya'yan kifi. A can sama kuma sare daji da noma har gaɓar rafi da ɗibar yashi suna turo laka. Laka tana rufe tsakuwar da wasu kifaye ke ƙwai a kai, ta gurɓata ruwa, ta cike tafki. Riruwai tsohuwar ƙasar haƙar kuza ce, don haka duk wani sabon aikin ma'adinai a can ya kamata a auna abin da yake zubarwa a rafuka.

Me za a ƙidaya, wa zai ƙidaya

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A shekarun 1990 an gudanar da wani aikin haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus a Tafkin Kainji, tare da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta New Bussa. Kowace shekara ana zagaya tafkin a ƙirga ƙauyukan masunta da jirage da kayan su, kowane wata kuma ana auna kamu a zaɓaɓɓun tashoshi. Da waɗannan alƙaluma aka nuna ɓarnar da komar dala ke yi wa 'ya'yan kifi, aka kuma samu hujjar zama da sarakuna da masunta har aka hana ta. Tiga bai kai kashi ɗaya cikin shida na faɗin Kainji ba. Abin da aka iya a can ba zai gagara a nan ba.

A Tiga, ƙidayar farko ta kayan aiki ce, sau ɗaya a shekara: tashoshi nawa, jirage nawa, masunta nawa, kalli da birgi da mamari da gura da taru nawa, da girman idon kowace koma. Ta biyu ita ce zuciyar aikin. A zaɓi 'yan tashoshi a gefen dam da tsakiyar tafki da bakin kogi, a sa ranaku tsayayyu a kowane wata. A ranar, mai ƙidaya ya riga dillalai zuwa bakin ruwa da sikeli da allon awo da littafi. Duk jirgin da ya faɗo cikin zaɓi, a ware kifinsa iri-iri, a auna nauyin kowane iri, a rubuta kayan da aka yi su da shi da tsawon lokacin da aka yi a ruwa.

Dalilin rubuta kaya da lokaci shi ne, jimillar kamu tana yaudara. Kifin da ke isa kasuwa zai iya zama daidai da na shekaru biyar da suka wuce, alhali jirage sun ninka, komar kowa ta ƙara tsawo. Abin da ke faɗin gaskiya shi ne kamun jirgi ɗaya a fita ɗaya da kaya iri ɗaya. Idan wannan yana sauka, kifin ruwa ne ke raguwa, komai cikar kasuwa.

Allon awo kuwa katako ne kawai da aka manna wa ma'auni, da ɗan tokari a gefe guda inda ake dafa bakin kifi. A kwantar da kifi, a karanta tsawonsa, a rubuta. Daga cikin waɗanda aka auna a sayi kaɗan a tsaga ciki a duba ko ƙwai ya nuna. Wannan ɗan aiki yana amsa tambayoyi biyu da duk wata doka ke jingina a kansu: a wane tsawo kifin wannan ruwa ke fara haihuwa, kuma a waɗanne watanni. Karfasa tana da wata ɗabi'a da ke ruɗar mutane. Idan aka matsa mata da kamu, sai ta fara haihuwa tana ƙarama, ruwa ya cika da ƙananan kifi masu ƙwai. Mai kallo daga nesa zai ce kifi ya yi yawa. Allon awo zai nuna cewa manyan ne suka ƙare.

Jami'o'i suna da nasu rabon. Jami'ar Bayero, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta, za su iya raba tashoshi a tsakaninsu, su amince da takardar rubutu iri ɗaya. Sau biyu a shekara, da rani da kaka, su kafa jerin kalli mai ido daban-daban a wurare tsayayyu, domin masunci yana bin kifin kuɗi ne, ba ya damuwa da ƙananan nau'o'in da ba a saye, alhali su ne ke fara ɓacewa. A haɗa da awon zafin ruwa da iskar da ke cikinsa da gurɓacewarsa. Ana ta maganar sabuwar fasahar gano kifi daga burbushin ƙwayoyin halittar da yake bari a ruwa. Tana da amfani, musamman a rafukan Falgore masu wuyar shiga, amma ba zan so a jira kuɗinta kafin a sayi sikeli ba.

Akwai kuma taskar da ke ƙarewa a hankali, wato abin da tsofaffin masunta suka sani. A zauna da su da hotunan kifaye, tasha bayan tasha, a tambaye su wanne suka kama a ƙuruciya, wanne suka daina gani, a wace kwarya yake kwana, da wane ruwan sama yake hawa. Wannan ne kaɗai zai ba mu hoton kogin kafin 1974.

Wani sharaɗi guda nake ganin aikin zai tsaya ko ya faɗi a kansa. Masunci idan ya ga baƙo da littafi da biro, haraji yake gani, kuma yana da dalili. Saboda haka mai ƙidaya ya zama ɗan tashar, wanda Sarkin Ruwa da ƙungiyar masunta suka zaɓa, a koya masa aikin, a biya shi a kan kari. Littafinsa kada ya haɗu da na mai karɓar kuɗin shiga ko sau ɗaya. Kuma duk shekara a dawo da sakamakon bakin ruwa a karanta da Hausa, a gaban waɗanda aka auna kifinsu, su yi gyara inda aka yi kuskure.

Zuba kifi

Duk lokacin da aka yi kukan ƙarancin kifi, abin da ke fara zuwa bakin hukuma shi ne a sayo 'ya'yan kifi a zuba. Ina da ja a kan wannan. Tarwaɗar gona an zaɓe ta ne don saurin girma a kan abincin buhu, wani lokaci ma haɗin tarwaɗa da ramboshi ce. Idan ta tsira ta haɗu da ta kogi, tana raunana irin da ya ɗauki dubban shekaru yana sabawa da wannan ruwa, tana iya kawo cuta kuma. Baƙon iri ya fi haɗari. Giwan ruwa namu ne a nan, amma da aka kai shi Tafkin Victoria a shekarun 1950, ya taimaka wajen ɓatar da nau'o'in ƙananan kifayen tafkin kusan 200. Idan har za a zuba, to a kama iyaye daga wannan kwari, a ƙyanƙyashe a cibiyar kifi ta Bagauda, a zuba a ƙananan tafkunan da kifinsu ya ƙare. Tiga kuwa yana iya cika kansa idan aka bar iyayen su haihu.

Hutun ruwa

Barin ruwa ya huta ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Argungu, inda aka fara bikin kamun kifi na zamani a 1934, ana tsare kogin Matan Fada a hana su har ranar biki, kuma ikon Sarkin Ruwa ne ke riƙe da wannan hani. Garuruwa da yawa suna da tafkin da ba a taɓawa sai ranar da aka yi shela. Dokar 1992 ma ta ba hukuma ikon rufe wuri ko lokaci. Ƙa'idojin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 1995, da na ƙananan masunta na 2014, duk sun nemi a sa masunta cikin yanke irin wannan hukunci.

Ba na ba da shawarar rufe Tiga gaba ɗaya, domin dokar da ta hana mutum abincin iyalinsa wata uku ba za ta kwana ba. Abin da nake gani shi ne a keɓe bakin kogi inda ya shiga tafki, da bakunan manyan rafuka, daga saukar ruwan farko har ƙarshen Agusta, a hana tare su da gura ko kalli, a bar tsakiyar tafki a buɗe ga mai babban ido. Watannin na gwaji ne, littafin ƙwai na shekara biyu zai gyara su. Sashen kogin da ke cikin Falgore yana ƙarƙashin dokar gandun daji, saboda haka a sa kifi cikin abin da masu gadin dajin ke tsarewa, kamar yadda suke tsare namun daji da itace. Canjin koma kuma a yi shi da musaya, a karɓi mai ƙaramin ido a ba da mai inci 3 a kan bashi mai sauƙi ta hannun ƙungiya, tasha ɗaya bayan ɗaya, domin kada wanda ya bi doka ya ga maƙwabcinsa na kwashe abin da ya bari.

Saura maganar ruwan kansa. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke riƙe da ƙofofin Tiga, kuma tana da manoma da birni da mutanen ƙasan kogi da ke jiran ruwa. Ba wanda zai ce a hana gona ruwa saboda gurbin karfasa. Abin da za a iya nema shi ne wakilin masunta ya zauna a inda ake tsara sakin ruwan rani, a kuma duba ko za a iya sassauta saurin saukar tafkin a makonnin da gurbi ya fi yawa. Domin a san waɗannan makonni, masu ƙidaya su kafa sanda mai alama a gaɓar kowace tasha, su riƙa rubuta tsayin ruwa da yawan gurabun da suka gani a tsayayyen fili daga Maris zuwa Yuni, a ajiye wannan kusa da littafin injiniya na wannan lokaci.